Malam Sa-Hannu da ƙofar da ake kullewa ta waje

Akwai wani ma'aikacin kamfanin kwasar shara da abokan aikinsa suke kira Malam Sa-Hannu. Sunan tsokana ne, amma ya bi shi har gida.

Shi ba ya kwasar shara. Motocin kamfanin suna juye ta a filayen 'yan kwangila, su kuma su sa mutane su tsince roba da kwalabe da gwangwani. Aikinsa ya zagaya filayen nan sau ɗaya a wata, ya ga yadda ake riƙe da ma'aikata, ya cike takarda. Layi na bakwai yana tambaya ko akwai wanda ake sa aiki ba da son ransa ba. Shekara goma sha ɗaya hannunsa yana rubuta "Babu" tun kafin idonsa ya kai wurin.

Fili mafi girma na wani ɗan kwangila ne mai fara'a da yawan turare. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, kwaɗo ta waje. Da ya taɓa tambaya a shekarar farko, aka ce saboda ɓarayi ne. Bai sake tambaya ba. Yakan shiga ofis, a ba shi lemo mai sanyi, ya sa hannu, ya fita.

Wata Laraba ya tarar ɗan kwangilar ya tafi ta'aziyya. Babu wuta, ofis ya yi zafi, sai ya ce wa maigadi ya buɗe masa ya ɗan taka a cikin filin.

Can bayan tulin kwalabe ya ga wani dattijo a tsugune, ya naɗe hannayensa da tsumma.

"Ranka ya daɗe, in yi tambaya?"

"Yi, Baba."

"Wane wata muke ciki?"

Ya faɗa masa. Dattijon ya ce, "Ashe jikata ta fara tafiya yanzu. Ranar sunanta na baro gida." Ya ci gaba da ware murafe daga kwalabe.

A hankali, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ba shi labari. A babbar mota aka kwaso su daga ƙauye, aikin wata uku aka ce. Ranar da suka iso aka karɓe katin shaidarsu da wayoyinsu, wai kada su ɓata. Albashi kuma ana tara musu. Duk wanda ya ce zai tafi, sai a ce masa 'yan sanda suna kama marasa takarda a bakin titi.

Wata mata da ke kusa ta ce, "Baba, rufa mana asiri ka yi shiru."

Malam Sa-Hannu bai ji haushi ba, bai ji tausayi ba. Ya dai tsaya kamar wanda aka dasa, ƙudaje suna sauka a takalminsa.

Da ɗan kwangilar ya dawo, ya jawo durowa zai ba shi biro. Ga katunan nan a ɗaure da roba, ga wayoyi a cikin leda. Ba yau ya fara ganinsu ba.

"Bari in cike ta a gida," ya ce. "Kaina ke ciwo."

A gida matarsa ta kawo abinci, ya ci bai san me ya ci ba.

"Malam Sa-Hannu, yau wa aka sa wa hannu?" ta tsokane shi.

Ya kwashe komai ya faɗa mata. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Baban yara, yau ka fara gani?"

"A'a. Yau dai aka yi mini magana."

"Idan suka kore ka, ban san yadda za mu yi ba," ta ce. "Amma da ni ce a can ciki, me za ka so mai takarda ya rubuta?"

Washegari ya rubuta "Akwai". Ya ƙara shafi biyu na bayani.

Manajan kamfanin ya karanta, ya cire tabarau. "Malam, wannan ɗan kwangilar ya fi kowa sauƙin farashi. Kalma ɗaya ce fa. Gyara ta mu wuce wurin."

"Yallaɓai, na kasa."

"Ka kasa, ko ka ƙi?"

"Duk wanda ka zaɓa."

A ranar aka mayar da shi bin motar shara. Mutumin da ya saba da farar riga ya koma ɗaga bola da safar hannu. Abokan aiki suka sauya masa suna zuwa Malam Ƙi-Sa-Hannu. Ya kai kwafin rahoton ofishin ƙwadago, aka buga hatimi, aka ce ya je za a neme shi.

Mako biyar shiru. Yana tashi, yana aiki, yana komawa gida, kamar jikin wani ya ara.

A mako na shida jami'an ƙwadago suka zo da 'yan sanda, suka ɗauke shi ya nuna musu wurin. Aka fasa kwaɗon. Aka fito da tebur tsakar filin, wata jami'a tana kiran suna tana miƙa kati. Mutum talatin da ɗaya suka amsa.

Kati uku suka rage a kan tebur. Ta kira, ta sake kira. Matar nan da ta taɓa hana dattijon magana ta ce, "Hajiya, waɗannan sun rasu. Biyu bara, ɗaya da damina."

Babu wanda ya yi kuka.

Dattijon ya karɓi katinsa, ya ɗauki ƙullin kayansa, ya taka har bakin ƙofa. Ƙofa a buɗe, titi ga shi nan, amma ya tsaya. Ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, in tafi?"

"Baba, ba sai ka tambayi kowa ba."

Duk da haka bai motsa ba, sai da Malam Sa-Hannu ya kama hannunsa suka tsallaka tare.

An gurfanar da ɗan kwangilar a kotu, aka sa ya biya kowa haƙƙinsa. Masu kamfanin suka sallami manajan, suka kafa doka: kati da waya a hannun mai su, ba a kulle ƙofa da mutane a ciki, kuma mai duba fili ya gana da ma'aikata ba maigidansu a wurin. Suka mayar da Malam Sa-Hannu ofis, suka ɗora shi a kan duk masu dubawa.

Ranar da aka tara ma'aikata ana yabonsa, aka miƙa masa makirufo. Ya miƙe ya karɓa.

"Mutum uku sun mutu a filin nan," ya ce. "Duk watan da suka mutu, ni na rubuta lafiya lau."

Ya ajiye ya zauna.

Darasi: Zalunci ba ya daɗewa sai ya samu mai gani ya kawar da kai. Idan an ba ka amanar dubawa, ka duba da gaske, ka tambayi ma'aikaci da bakinsa, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka tabbatar ba. Gyara ko a makare yana ceton rai, amma ba ya dawo da wanda ya tafi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana riƙe da irin wannan biron a yau.