Shaidar Ɗanasabe a Majami'a

Akwai wani manomi mai suna Ɗanasabe a wani ƙauyen Maguzawa da ke kusa da Mairuwa. Mutum ne mai ƙwazon noma, amma wajen riƙo ba shi da na biyu. In ka taka shi yau, ko bayan shekara goma sai ya nuna maka yatsan da ka taka.

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, ɗan wan babansa, Ɗanhausa, ya dawo daga aikin hanya da sabon babur da rediyo, yana tafiya kamar ƙasar ma tasa ce.

Damina ta kama, ciyawa ta rufe gonar Ɗanasabe, sai ya kira gayya. Ya kwashe sauran dawar rumbunsa, matarsa Tabita ta yi tuwo da burkutu. Da Ɗanhausa ya ji, don kawai ya nuna isa, sai ya sa tasa gayyar a ranar. Ya yanka bunsuru, ya ɗauko makaɗa daga Faskari. Kowa ya bi ƙamshin nama.

Ɗanasabe ya wuni shi kaɗai a bakin gona, yana jiyo kiɗa daga can. Tuwo ya lalace, ciyawa ta cinye dawa. A wannan shekarar iyalinsa sun san yunwa. Ya rantse sai ya kunyata Ɗanhausa a gaban jama'a, kamar yadda aka kunyata shi.

Shekaru suka wuce, bishara ta shigo ƙauyen, su biyun duka suka karɓi Yesu. Ɗanhausa ya bar giya, ya bar fankama, babur ɗinsa ya koma na kai marasa lafiya asibiti. Ɗanasabe shi ma ya bar giya, ya zubar da layu, yana kan gaba wajen waƙa. Abu ɗaya ne bai bari ba.

Rannan aka sanar cewa za a zaɓi Ɗanhausa dattijon ikilisiya, kuma baƙi za su zo daga Ƙanƙara da Sabuwa. Ɗanasabe ya ji kamar an zuba masa barkono a ido. Ya je wurin fasto ya roƙi a ba shi dama ya ba da shaida a ranar. Fasto ya yi murna, bai san dawan garin ba.

Tabita kuwa ta san mijinta. Ta ce, "Maigida, shaida za ka bayar, ko ramuwa?" Ya ce ta ji da tukunyarta.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje. Ɗanasabe ya miƙe cikin farar riga, ya ce yana godiya ga Ubangiji da ya ba shi zuciyar gafara. Daga nan fa ya buɗe baki. Ya faɗi gayya, ya faɗi bunsuru, ya faɗi yadda 'ya'yansa suka kwana da yunwa. Ya kira sunan Ɗanhausa ya sake kira, har da nuna shi da yatsa don baƙi su gane shi da kyau. Daɗin abin yake ji har cikin ransa. A ƙarshe ya ce, "Amma ni na yahe mishi."

Ɗanhausa ya tashi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce duk abin da aka faɗa gaskiya ne, girman kai ne ya sa shi, kuma ya daɗe yana jin kunyar tayar da maganar. Ya tako har gaba, ya durƙusa duk da shi ne babba, ya miƙa hannu.

"Ƙanena, na gode da ka yahe mani. Ga hannuna."

Ɗanasabe bai shirya wa wannan ba. Ya dubi hannun. Fasto yana jira, baƙi suna jira, Tabita ta sunkuyar da kai. Hannunsa ya ƙi tashi. Bakin da ya ce ya yafe, ashe bai yi shawara da zuciya ba, kuma kowa ya gani.

Can sai wata tsohuwa da ake kira Dada, wadda ba ta tauna magana, ta ɗago daga kan tabarmarta ta ce, "Ɗan nan, mun ji abin da Ɗanhausa ya yi maka. Abin da Yesu ya yi maka ne har yanzu ba mu ji ba."

Aka zaɓi Ɗanhausa a ranar, babu wanda ya ƙi. Ɗanasabe ya fita ta ƙofar baya, da kunyar da ya ɗauko don wani.

Darasi: Shaida labarin abin da Allah ya sauya a cikinka ne, ba dandalin tona asirin ɗan'uwanka ba. Kafin ka ce ka yafe a gaban jama'a, tambayi zuciyarka ko hannunka zai iya miƙuwa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai riƙon da yake bukatar jin wannan yau.