Tabon Hannun Zubaida

An yi wani mutum a ƙasar Roni, makaɗin jita. Shekara goma sha biyu yana yawo da ƙungiyarsa, daga Kazaure zuwa Babura har tsallaken iyaka. Giya, ƙwaya, mata, babu wanda ya bari.

Sai Allah ya tausaya masa ya tuba. Ya auri Zubaida, 'yar rawar ƙungiyar, wadda ta riga shi tuba. Suka koma Gwiwa, inda babu wanda ya san su. Ya kama noma, ita kuma ta yi karatu har ta zama malamar matan aure a Islamiyya. Suka haifi 'ya, Sadiyya. Abu ɗaya Zubaida ta roƙe shi: "Baban Sadiyya, abin da ya wuce a bar shi a rufe."

Amma ya 'yan uwa, hannunsa ya saki jita, zuciyarsa ba ta saki tafin jama'a ba.

Wata rana Zaharadeen, mai ɗora hira a intanet, ya nemo shi. "Kawu, ba mu tarihinka, matasa su ɗauki darasi."

Wane darasi? Yana faɗa yana ƙyalƙyala dariya, har da ƙarin gishiri. Da ya ga ana jin daɗi, sai ya kawo labarin wata 'yar rawa da ta bugu a Babura, ta faɗa kan janareto, ya ƙona ta a wuyan hannu. A ganinsa, tunda bai kama suna ba, bai yi laifi ba.

Ya manta matan Gwiwa kullum suna ganin wannan tabo idan malama ta ɗaga alli.

Kafin Juma'a hirar ta shiga kowace waya. Magidanta suka hana matansu zuwa aji. Sadiyya ta dawo daga makaranta tana kuka.

Zubaida ta ɗaure kayanta, ta kama hannun 'yarta. "Shekara goma sha biyar Allah yana rufa mana asiri," ta ce, "kai ka yaye don a tafa maka."

Yau yana zaune a tasha, ya rame, ya koma wa ƙwaya. Samari in sun gan shi sai su ce, "Kawu, ba mu na mai tabo."

Ya 'yan uwa, wanda ke jin daɗin ba da labarin zunubinsa bai gama rabuwa da shi ba, kuma ba asirinsa kaɗai yake tonawa ba. Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu daga tona shi da bakinmu.