Ƙafafun Bayan Jaki

An yi wani Gwaggon Biri mai sayar da yashi a bakin rafi. Marowaci ne na gaske, ko ƙuda ne ya sauka a kan tuwonsa sai ya duba ƙafafunsa kafin ya bar shi ya tashi. Ma'aikacinsa ɗaya ne, Jaki, mai haƙuri da ƙarancin magana. Shi ke dakon yashi zuwa cikin gari, ladansa mudu shida na dusa kowace Juma'a.

Wata Juma'a Gwaggo yana awo sai ya lura gindin mudun ya lotsa, ya ƙara zurfi.

"Jaki, tun yaushe mudun nan ya zama haka?"

"Tun bara da ka fasa goriba a cikinsa, maigida."

"Ashe shekara guda kana cin rarar dusata? Dawo min da ita."

"Ai na cinye. Amma in ka yarda, ka riƙa cire tafi ɗaya duk mako har ka fanshe."

Gwaggo bai ko saurare shi ba. Ya zagaya bayansa, ya tsuguna yana lallatsa masa cinya.

"Ranar da ka zo wurina, ƙafafun bayan nan kamar sillen kara suke. Dubi yadda suka murje. Wannan dusata ce. Daga yau ƙafafun baya nawa ne, kuma ba na biyan kayana lada. Mudu uku za ka riƙa karɓa, na ƙafafun gaba."

Ya kwaɓa bula ya shafe ƙafafun da shuɗi, ya bi kasuwa rumfa rumfa yana shela cewa nasa ne. Mako na biyu ya ƙara zaftare mudu ɗaya, wai wutsiya a ɓangarensa take, kuma Jaki yana korar ƙuda da ita ba izini.

A gida Jaki yana da mata da ɗa mai shan nono. Yakan bar musu dusar, shi ya kwana da tsinken ciyawa. Haƙarƙarinsa suka fara fitowa.

A mako na uku, ran kasuwa, yana tafe da kaya, jiri na ɗibarsa, sai rina ta harbe shi a gindi. Ƙafafun baya suka tashi sama, suka sauka a rumfar Akuya mai tukwane. Ko murfi bai tsira ba.

Akuya ta ja Jaki har gaban alƙali Kunkuru. Gwaggo ya biyo su da murna, yana shirin ƙara yanke wa Jaki lada saboda ɓata lokaci.

Kunkuru ya miƙo wuya a hankali. "Waɗanne ƙafafu ne suka yi ɓarnar?"

"Na baya, ranka ya daɗe," in ji Akuya. "Shuɗɗan nan."

"Na wane ne?"

Jaki ya ce, "A da nawa ne. Yanzu na maigida ne." Ya kwashe labarin mudu da dusa duka ya faɗa wa alƙali.

Gwaggo ya fara ja da baya. "Wasa nake yi."

"Wasa?" Akuya ta ce. "Sau uku ka tsaya a rumfata kana shela, har ka ce kada in kuskura in kalle su kyauta."

Kunkuru ya ce, "To, mai ƙafafu shi zai biya tukwane. Sannan mako ukun nan, wa ya ciyar maka da su?"

"Jaki."

"Wa yake kai su gida ya ba su wurin kwana?"

"Ai a jikinsa suke, ranka ya daɗe."

"Kayanka ne a jikin wani. Akwai kuɗin kiwo, akwai na ajiya."

Gwaggo ya zube ƙasa. "Na yafe su. Ya riƙe ƙafafunsa, har da wutsiyar."

Kunkuru ya ce, "Saurara. Rarar da ka auna bisa kuskure haƙƙinka ce, ban hana ka ba. Amma ba ka da ikon zaftare ladan ma'aikaci yadda ka ga dama. Za ka mayar masa da duk abin da ka yanke. Bayan haka ka riƙa cire tafi ɗaya duk mako, tun da shi da bakinsa ya amince. Tukwane kuwa suna wuyanka."

Jaki ya matso. "Ranka ya daɗe, ƙafafun sun wahala a hannun mai su na da. Ina roƙon a ba su hutun kwana uku."

Aka ba su. Kwana ukun nan Gwaggo da kansa ya riƙa ɗaukar yashi a ka, Akuya na biye da shi tana lissafa masa tukwane.

Darasin wannan labari shi ne, in ka biya ma'aikaci fiye da ƙima bisa kuskure, ka zauna da shi ku daidaita yadda zai mayar a hankali. Ladan da ya yi wa gumi ba naka ba ne da za ka yanka son ranka.