Tunku Mai Binne Gwaiduwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani gari ne mai yawan kaji, ƙwai har tuntuɓe ake yi da shi. Rannan sai ga Tunku da ƙatuwar jaka, ya ce shi boka ne. Ya faɗi gaban Dagaci Jatau ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na duba, masifarku tana cikin ƙwai. Farin ba laifi. Amma gwaiduwa, yaro ya ci ya zama ɓarawo, mace ta ci ta haifi bebe, namiji ya ci, gashin kansa ya zube."

Dagaci dama sanƙo gare shi. Ya shafa kai ya ce, "Ashe abin da ya cuce ni ke nan."

Aka yi shela: kowa ya dafa ƙwai ya ci farin, ya kai wa Tunku gwaiduwar ya binne a daji.

Wata na fari yara suka rame. Wata na biyu dundumi ya kama mutane, magariba na yi sai karo da turmi. Wata na uku Tunku ba ya shiga zaure sai a kaikaice, gashinsa yana sheƙi. Ya ce wahalar haƙa rami ce ta kumbura shi.

To, akwai wata mai kiwon kaji, Tasalla. 'Yarta Ladingo ta rame har ƙafafu sun daina ɗaukarta. Tasalla tana kuka, sai tsohuwar kazarta ta ce, "Uwar ɗakina, kwana ashirin da ɗaya ɗana yake yi cikin ƙwai, ba tuwo, ba nono. Me kike zaton yake ci? Ga shi yana fitowa da idonsa, da ƙashinsa, da bakin tsiwa. Kin taɓa ganin ɗan tsako bebe?"

Tasalla ta share hawaye. Kullum ta dafa ƙwai, ta ba yarinya har gwaiduwar. Yau da gobe, Ladingo ta zauna. Ta miƙe. Ta ruga da gudu.

Tunku ya ji, ya kai ƙara. Dagaci ya ce, "Ke Tasalla, kin karya doka?"

Ta ce, "Na karya, ranka ya daɗe. Kai da ba ka karya ba, wata uku ke nan, ina gashin?"

Dagaci ya ƙara danna hula.

Ta ce, "Boka ya kai mu mu ga inda yake binnewa."

Aka ɗunguma daji. Rami na fari, wayam. Tunku ya ce tururuwa ce ta kwashe. Rami na biyu, wayam. Ya ce ƙasa ce ta shanye. Ana tona na uku, Ladingo ta zazzage jakarsa. Ba laya, ba saiwa. Sai ƙullin gishiri, da ƙullin yaji, da ɗan cokali.

Tasalla ta ce, "Boka, gawar ce kake barbaɗa wa yaji?"

Tunku ya nufi rami zai ɓuya, ciki ya hana shi shiga. Rabinsa ciki, rabinsa waje, mata suka same shi da muciya. Da ƙyar ya sha, ya bar musu wari.

Daga ranar yaran garin suke cin ƙwansu ɗungurungum, ido ya washe, jiki ya murje. Duk wanda ya hana ku abinci yana ƙiba kuna ramewa, ku bincika jakarsa.

Ƙurunƙus, na ɗora ta a kan ɓera, ya gudu da ita.