Ranar Da Kura Ta Rako Akuya Gida

Kowa ya gyara zama. Wancan mai gyangyaɗin, a taɓa min shi. To, ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, muna ji!

Wata yarinya ce, sunanta Kyallu. A ɗakin kakarta, Iya Tabawa, ta tashi. Ita kuwa Iya Tabawa ba ta iya magana a miƙe ba, in ta buɗe baki sai karin magana. In Kyallu ta yi garaje ta zubar da ruwa, Iya ta ce, "Sauri ya haifi nawa." In ta leƙa tukunya tun miya ba ta nuna ba, Iya ta ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala." Kyallu tana ji, tana dariya, tana ajiyewa a ciki.

Ana nan, ana nan, sai uwar Kyallu ta haifi ɗa namiji. Amma nono ya ƙi zuwa. Jariri kuka da safe, kuka da rana. Har ranar suna ta zo yana kuka, muryarsa ta dushe. Uban kuwa kurkunu ya kama masa ƙafa, ko ƙofar gida da ƙyar yake kaiwa.

Sai Iya ta kira jikarta. Ta ce, "Kyallu, kawunki na hayin rafi yana da akuya mai nono. Maza je ki karɓo, kafin ƙanen nan naki ya galabaita. Zumunci a ƙafa yake."

Kyallu ta ɗaura ɗankwali ta kama hanya. Ta ƙetare rafi, ruwa iya idon sawu. Ta isa, ta gaishe da kawu, ta faɗi saƙo. Kawu ya kwanto mata wata jar akuya, hantsarta cike tam. Tana shirin juyowa sai ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, ta ja akuya suka kamo hanyar gida.

Suna tafe, suna tafe, sai ga Kura a gindin tsamiya. Yunwa ce ta fito da ita da rana tsaka. Ta dubi akuya, ta dubi yarinya, ta lashe baki.

Ta ce, "Tsuntsu daga sama gasasshe! Akuya ta yau, yarinya ta gobe."

Kyallu ta ƙanƙame igiyar akuya. Ƙafa ta ce a gudu, amma ina za a gudu da akuya mai hantsa? Sai ta durƙusa. Ta ce, "Barka da hutawa, Inna Kura." Ta yi ajiyar zuciya, ta ce a hankali, "Ashe dai Iya gaskiya ta faɗa."

Kura ta ce, "Wace ce Iya? Me ta ce?"

"Kakata ce. Cewa ta yi ba a ba kura ajiyar nama."

Kura ta ɗaga kunne. "Ni? Wa ya taɓa ba ni ajiya har ya ga na ci?"

Kyallu ta ce, "Oho, ni dai haka na ji duk gari suna faɗa. Ko shekaranjiya da aka ba wani ajiyar gyaɗa ya cinye, cewa aka yi an ba kura ajiyar nama."

Kura ta yi tsalle. "Gyaɗa! Ni ina ruwana da gyaɗa? Wani ya ci, a kira sunana? Miƙo igiyar nan. Zan riƙe akuyar nan amana har bakin rafi, ko gashinta ba zan taɓa ba. In mun je can na cinye ku, amma dai an san na riƙe."

Kyallu ta ɗaura mata igiya a wuya. Akuya ta ce, "Kyallu, kin ba da ni!"

Kyallu ta raɗa mata, "Yi shiru, Akuya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Suka kama tafiya. Kura a gaba, akuya a tsakiya, Kyallu a baya. Ƙanshin akuya yana dukan hancin Kura, yawu yana zuba dalala. Cikinta ya ce ƙululu.

Kura ta ce, "Ciki, yi haƙuri, suna muke wankewa."

Suna tafe, suna tafe, har bakin rafi. Rafin da Kyallu ta taka da safe ya cika ya batse, yana tafe da itace da kara.

Kura ta ce, "To, na cika alkawari. Yarinya, kwance igiya in yi bismilla."

Kyallu ta ce, "Kin cika, Inna Kura, ba musu. Ci abinki. Dama ko kin bar mu, wa zai ƙetarar da mu?" Sai ta dubi ƙafafun Kura, ta dubi ruwa, ta girgiza kai. "Iya dai ba ta ƙarya."

"Me kuma ta ce?"

"A'a, ba zan faɗa ba. Fushi za ki yi."

"Faɗi!"

"Cewa ta yi kura ga tsoro, ga ban tsoro. Na ga tun da muka iso kike ja da baya, ko ɗigon ruwa ba ki bari ya taɓa ki ba."

Kura ta dubi ruwa. Gaskiya ne, gwiwoyinta kaɗawa suke. Amma ta daure ta ce, "Sanyi ne! Ni ce mai tsoro? Ku hau bayana, ku biyun. In mun haye na cinye ku, amma dai an san na shiga."

Akuya ta hau, Kyallu ta hau, ta riƙe gashin wuya. Kura ta rufe ido ta faɗa ruwa, tsundum! Tana iyo, tana haki, tana shan ruwa. Suna tsakiya sai Kada ya ɗago kai.

Ya ce, "Kai! Kura Burungu, yau ke ce kwalekwale?"

Saura kaɗan Kura ta suma. Ta juya za ta koma, sai Kyallu ta sunkuya kusa da kunnenta ta ce, "Ga tsoro..."

Kura ta ce, "Wa ya juya? Hanya nake dubawa!" Ta dubi Kada ta daka masa tsawa, "Kauce, aiki nake!" Kada kuwa mamaki ya hana shi rufe baki, har suka wuce.

Suka haye. Kura ta kwanta a kan yashi tana tari. Cikinta ya ce ƙululu.

Ta ce, "Ciki, yi haƙuri, bari in sami numfashi."

Kyallu ta ce, "Nan akwai laka, Inna Kura. Babba irinki ba ta ci a cikin laka. Mu ɗan matsa tudu."

Suka matsa tudu. Daga tudu suka shiga gonaki. Daga gonaki sai ga rufin ɗakuna, ga hayaƙi, ga amon kalangu daga gidan suna. Kura ta ja birki.

Ta ce, "Iyakata ke nan. Na riƙe amana, na shiga ruwa. Yanzu kam ba sauran magana."

Kyallu ta ce, "Wallahi kin yi, Inna Kura. Abin tausayi ɗaya ne. In kin cinye mu, wa zai ba da labari? Duk wahalar nan ta tafi a banza. Ko kin sake ni na je na faɗa, cewa za su yi yarinya ta yi mafarki. Gani ya kori ji. Da dai a ce da ƙafarki kika kai akuyar nan ƙofar gidanmu, kowa ya gani da idonsa. Amma na san ba za ki iya ba, Iya ta riga ta faɗa."

Kura ta yi ƙara. "Wai ita tsohuwar nan ba ta da aiki sai ni? Me ta ce?"

"Cewa ta yi kura ta san gidan mai babbar sanda."

"Nuna min gidan! Yau sai na ga tsohuwar nan ido da ido."

Cikinta ya ce ƙululu, ƙululu.

Ta ce, "Ciki, rufe min baki!"

Jama'a, sai ga Kura a tsakiyar gari da rana, igiya a wuya, akuya na bin ta, yarinya na bin akuya. Mai tallan fura ta yar da ƙwarya. Kaji suka haye danga. Wanzami ya bar mutum da rabin aski. Maza suka fito da sanduna da tabare.

Kyallu ta sha gabansu ta ɗaga hannu. Ta ce, "Kada wanda ya taɓa ta! Baƙuwata ce. Ita ta riƙe min akuya tun daga gindin tsamiya, ita ta goya mu a rafi."

Iya Tabawa ta fito tana dogara sanda. Ta dubi jikarta, ta dubi Kura, ta dubi akuya lafiya lau. Nan take ta gane abin da ya faru. Ta ce, "Ku sauke sanduna. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Aka kwance akuya aka shiga da ita. Aka tatso nono, aka ɗiga wa jariri. Ya sha, ya sha, ya yi gyatsa, ya yi barci. Gidan ya yi tsit, uwar ta share hawaye, mata suka rangaɗa guɗa.

Iya ta sa aka tara wa Kura kan ragon suna da ƙafafu da ƙasusuwa, akushi guda. Kura ta ci, ta ci, ta side akushi. Sannan ta gyara murya.

Ta ce, "Tsohuwa, ke ce mai ɓata min suna. Yau kin gani. Sai ki janye maganganunki."

Iya ta yi dariya. Ta ce, "Baiwar Allah, ba ni na ƙago su ba, tarar da su na yi. Abin da mutane suka daɗe suna gani, shi suke faɗa. Ki ɗore a kan halin yau, sabuwar magana za ta fito da kanta."

Akwai wani mai kalangu a wurin, Jatau, wanda aka kira don bikin suna. Da ya ji haka sai ya matso ya saki kiɗa yana kirari: "Burungu mai amana! Burungu jirgin fito! Burungu ta shigo gari da rana!"

Kai! Kura ba a taɓa yi mata kirarin arziki ba. Ta miƙe ta shiga fili. Ta karkaɗa gaba, ta ja baya, ta juya ɗuwawu. Yara na tafi, mata na shewa. Jatau ya ji daɗi, ya ƙara matsowa, ya kai kalangu daidai kunnenta.

To, ashe jiya-jiya aka sa wa kalangun nan sabuwar fata. Ƙanshi ya bugi hancin Kura. Ta kau da kai. Ya sake bugunta. Ta rufe ido. Ya buga na uku.

Caraf! Ta cafke kalangu.

Jatau ya yi ihu ya saki. Maratayin kalangu ya zarge a wuyan Kura. Maza suka ce, "A kama ta!" Kura ta zuba a guje. Tana gudu, kalangu yana dukan duwatsu da kututture, kandan, kandan, kandan! Ita kuwa ta ɗauka Jatau ne a bayanta yana kiɗan farauta. Ta ƙara mai, kiɗa ya ƙaru. Tana gudu tana cewa, "Na tuba, mai kalangu! Na tuba!" Rafin da ta sha wuyar hayewa ɗazu, ko ganinsa ba ta yi ba sai da ta tsinci kanta a hayi.

Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Uban Kyallu ya yi dariya har ya manta da ƙafa ya miƙe tsaye. Shi kansa Jatau da ya gama salati sai ya fashe da dariya, aka yi masa alkawarin fatar ragon suna.

Kyallu ta ce, "Iya, amma fa ta yi ƙoƙari."

Iya ta ce, "Ta yi, jikalle, na wuni guda. Hali zanen dutse ne." Ta jawo ta jikinta, ta zuba mata tuwo da tsoka mafi girma.

To kun ji. Maganar manya guzuri ce, wanda ya riƙe ta ba ya rasa abin fita ranar tsanani. Kuma sunan kirki ba a wuni ɗaya ake samunsa ba.

Ƙurunƙus! Na ɗaure ta a wutsiyar ɓera, ya shige rami da ita. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya bi shi ya tambayo.