Durgu da Wutsiyar Shirwa

Ga ta nan tafe, ku matso kusa.

Ta iso, muna ji.

Wata tsohuwa ce, Ladingo, take da kaji a bayan ɗakinta. Zakarunta uku: Ja, da Baƙi, da Durgu mai gajerun ƙafafu. Aikinsu ɗaya ne. In kaji suna kiwo, su duba sama. In sun hango Shirwa, su yi cara, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin iyayensu.

Ran nan Shirwa ta sauka a kan danga, ta ce da Ja, "Maigida, ga fara soyayyiya. Ka ci, ka yi shiru."

Ja ya dubi fara, ya sunkuyar da kai. Yana ci, yana ci, Shirwa ta yi wuf da ɗan tsakon Wake-wake, kaza mai 'ya'ya bakwai.

Kashegari ta dawo wurin Baƙi. "Maigida, ga gara mai maiƙo. Ka ci, ka yi shiru." Baƙi ya ci. Wuf! Ɗan tsako na biyu ya tafi.

Wake-wake ta daina kiwo. Sai zagaye take, tana kira, tana ƙirga biyar. Durgu ya ga wannan, zuciyarsa ta yi zafi. Ya je ya ce, "Yaya, share hawayenki. Gobe ki kai yaran ƙarƙashin rumbu. Ke da 'yan'uwanki ku laɓe bayan tsohon turmin nan da ke kwance a bakin akurki."

Rana ta uku, ga Shirwa. "Kai gajere, ga tsaba. Ka ci, ka yi shiru."

Durgu ya ce, "Gwaggo, tsaba kawai? Ai ni ba na ƙaramar harka. Me za ki yi da ɗaya? Duka biyar ɗin suna cikin akurki suna barci. Shiga ki kwashe."

Shirwa ta yi dariya. "Ashe gajeren ya fi su hankali." Ta naɗe fikafikai, ta cusa kai, ta shige.

Durgu ya buga fiffike, ya miƙe wuya, ya yi cara: "Kukurukuu! Ku turo! Ku turo!"

Kaji suka turo turmi. Gangar-gangar, ya toshe ƙofa. Sai wutsiyar Shirwa kaɗai a waje.

Shirwa ta ce, "Ƙanena, buɗe mini."

Durgu ya haye turmi ya ce, "Ina 'ya'yanmu?"

"Na cinye."

Wake-wake ta cafki gashin wutsiya ta fige.

"Ina 'ya'yanmu?"

"Sun ɓata."

Wake-wake ta sake figewa.

"Ina 'ya'yanmu? In na ƙara cara, Inna Ladingo za ta fito da taɓarya."

Shirwa ta fasa kuka. "Suna kan rimi, a sheƙata! Na ajiye su sai sun yi ƙiba!" Ta ƙwala wa mijinta kira. Mijin ya zo da 'yan tsaki biyu, ya dire su a tsakar gida, duka biyun da ransu.

Wake-wake ta ƙirga bakwai. Ta sake ƙirgawa, bakwai cif.

Aka ture turmi. Shirwa ta fito da baya-baya, ta tashi sama, tsakiyar wutsiyarta babu gashi. Ku duba ta gobe in tana shawagi, har yau wutsiyar a tsage take.

Ja da Baƙi suka lallaɓa bayan danga, ba wanda ya kalle su. Durgu kuwa ya tono tsutsa a gindin randa, bai ci ba. Ya yi ƙut-ƙut-ƙut, ya kira yaran, ya tsaya a kansu da ƙirji a buɗe, ido ɗaya yana sama, har suka ƙoshi.

Wanda aka ba tsaron gida, kada ya sayar da bakinsa don abinci.

Ƙurunƙus! Ta ƙare a kan ɗan ɓera, kowa ya kama gabansa.