Kujerar Makka Ɗaya a Gangaren Marina

Ku matso kusa, ni kam yau ba zan ɗaga murya ba, wanda bai ji ba ya tambayi na gefensa. Labarin mai unguwa Sidi ne na Gangaren Marina, wanda aka ɗora wa alƙalancin da bai nema ba, a lokacin da ba abin da yake so irin a ƙyale shi ya huta.

Wani attajiri ne haifaffen unguwar, Alhaji Garzali mai fata, ya zo gida ta'aziyya bayan ya daɗe a kudu. Ya ga mata suna tafiya da waya a kunne ba mai waiwaye, ya ga masu shago sun cire ƙarafunan da suke sayar da kaya ta bayansu. Abin ya ba shi mamaki, domin ya san yadda ya bar wurin. Sai ya samu mai unguwa a zaure ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da kujerar Makka ta bana guda ɗaya. A ba wanda ya gyara yaran unguwar nan. Ɗaya ce, ba ni da ta biyu. Ka ba ni suna kafin in koma." Ya faɗi haka ya shige mota kamar wanda ya ba da goro. Mai unguwa kuwa ya san mutum uku ne suka yi aikin, kuma dukkansu tsofaffi ne da ba su taɓa zuwa Makka ba.

Ku da ba ku san Gangaren Marina ta da ba, ba za ku gane ba. Akwai wani kango a bakin kwata inda samarin unguwa suke wuni. Can ake shan ƙwaya, can ake wasa wuƙa, daga can ake fita ƙwacen waya. Mai unguwa Sidi ya yi zaryar ofishin 'yan sanda belin 'ya'yan mutane har takalmansa suka ƙare. Ya tara iyaye ya yi faɗa, iyaye suka yi kuka suka watse. Ya sa liman ya yi huɗuba, amma waɗanda ake yi dominsu ba sa masallacin. Ya sa 'yan sintiri suka zane wasu, washegari aka fasa wa wani ɗan sintiri kai. Daga ƙarshe ya gaji, ya zama in an kawo masa ƙara sai ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da jan carbinsa.

Na farko a cikin ukun shi ne Tanimu Direba. Duk tsawon rayuwarsa a kan titi ya yi ta, abin da ya tsira da shi fegi ɗaya ne a bayan makarantar firamare, wanda yake burin ginawa ya bar gidan haya. Shi ne ya lura cewa tun da aka yanka filin makaranta aka yi shaguna, yaro ba shi da inda zai yi gudu a unguwar nan sai in an biyo shi. Ya zo wurin mai unguwa ya ce ya ba da fegin, a yi wa yara filin wasa. 'Ya'yansa suka yi fushi, babban ma ya daina gaishe shi. Masu sayen fili suka yi ta zuwa, yana cewa ya riga ya ba da. Har yau a ɗakin haya yake kwana, rufin na yoyo. Ba don fegin nan ba, da babu inda za a kira yaro a ce ya zo.

Amma fili bai kira kowa ba. Ya zauna nan ciyawa ta cinye shi, mata suka mai da shi bola, yara kuma suna kangonsu. Mai unguwa har ya fara kauce wa hanyar gidan Tanimu don kunya.

Na biyu shi ne Sallau Shago, tsohon ɗan dambe da ya koma sayar da itace. Shi kaɗai ya taka ya shiga kangon da rana tsaka, bai riƙe ko tsinke ba. Shugaban yaran, wani Nazifi, ya tare shi da wuƙa ya yanke shi a damtse. Sallau ya yage gefen rigarsa ya ɗaure, ya ce, "Wannan ko mace mai yanka kuɓewa ta iya. In kai namiji ne ka zo fili in naɗa maka hannu, mu ga ko za ka iya tsayuwa gaban sa'anka ba ƙarfe." Haushi ne ya kai Nazifi filin, sauran suka bi shi kallo. Sallau ya sa su kwashe bolar da hannunsu, ya koya musu dambe, ya raba marasa ƙarfi gida biyu suna buga ƙwallo. Dokarsa ɗaya ce: hannun da aka naɗa wa zare ba ya riƙe wuƙa, wanda ya riƙe ba ya sake shiga fili. Da suka saba, sai ya fara jan su aikin gayya. Suka yashe kwatar da ke cinye gidaje duk damina, suka zama su ne masu haƙa kabari in an yi rasuwa. Hannun da aka yanka kuwa bai ƙara ɗaukar gatari ba, sana'ar itace ta mutu. Ba don Sallau ba, da ko yaro ɗaya bai fito daga kangon ba.

Mai unguwa ya fara cewa an samu lafiya, ashe da saura. Yaro ya yi wunin gudu da naushi, ya koma gida tukunya a kife, me kuke tsammani? Mai sayar da ƙwaya kuma yana nan a bakin kwata yana ba su bashi yana murmushi. Kafin damina ta fita rabin yaran sun koma kango, har an sari wani ɗan acaɓa. Sallau ya zauna a filin da yara 'yan ƙalilan, ya ce da mai unguwa shi ma ya kusa haƙura.

Ta uku ita ce Gwaggo Ladiyo mai ƙosai, gwauruwa. Ba wanda ya roƙe ta. Ta kwashe kaskonta daga bakin titi inda ciniki yake, ta dasa shi a gefen fili, tana dama kunu tana ba duk yaron da ya gama atisaye. Jarinta ya narke, ta bi gidaje tana karɓar gero kwano-kwano, ana yi mata dariya. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai sayar da ƙwayar nan, Mudi, ɗan ƙaninta ne, maraya, ita ta goya shi ta yaye shi. Duk unguwa an san shi ne, ba mai iya faɗa don tsoro. Ta yi masa nasiha, ta yi kuka, ta durƙusa masa, ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Sai ta yafa mayafi ta je da ƙafarta ta nuna wa hukuma inda yake ɓoye kayan. Aka ɗaure shi. Danginta suka yanke ta, ko biki ba a gaya mata. Yaran kuwa suka dawo fili, wannan karon suka zauna, kangon ma mai shi ya samu ƙarfin halin rufe shi. Ba don Gwaggo Ladiyo ba, da fili da damben duk sun tashi a banza.

To, ga mutum uku, ga kujera ɗaya. Mai unguwa ya yi fatan ko ɗaya zai ce a ba ɗan'uwansa, ya bi su gida-gida. Ina! Mutane ne kamar ni da ku.

Tanimu ya ce, "Ba zan yi maka kara ba, ranka ya daɗe, ina so. Fegin nan da na sayar, da tuni na je na dawo. Ga ciwon suga ya fara taɓa mini ido. In ba bana ba, ko an kai ni ba zan ga Ka'aba ba."

Sallau ya kalli hannunsa ya ce, "Ni a ƙuruciyata na zubar da jinin mutane a fage da wajen fage. Akwai abin da nake so in je in faɗa a can. Amma kai ne babba."

Gwaggo Ladiyo ba ta daina juya ƙosai ba. Ta ce, "Mai unguwa, ni ba na barci. Yaron da na goya yana kurkuku da hannuna. Ina so in je in roƙa masa shiriya a inda ba a mayar da addu'a, in roƙa wa kaina kuma a yafe mini in na yi kuskure."

Masu baki ma ba su bar shi ba. Wasu suka ce Tanimu sau ɗaya ya ba da, ya koma gefe, wasu ne suka sha rana. Wasu suka ce Sallau ɓarnar da ya yi a da yake biya, ba a ba mai biyan laifinsa lada. Wasu kuma suka ce matar da ta miƙa jininta ga hukuma ba abar yabo ba ce, duk da su ne suka fi kowa jin daɗin tafiyar Mudi.

Da abin ya ishe shi, sai ya ce bari ya tambayi yaran da kansu, tunda su aka yi wa. Ya same su a fili bayan la'asar. Bai rufe baki ba suka rabu uku. Nazifi ya ce in ba Baba Sallau ba ne an ci amana. Wani ya ce shi kunun Gwaggo ne ya hana shi sata, ba naushi ba. 'Yan ƙwallo suka ce a kan ƙasar wa kuke tsaye kuke wannan maganar? Murya ta hau, aka fara nuna juna da yatsa, mai unguwa ya ga wani yaro ya kai hannu ƙugu, inda a da wuƙa take zama. Babu komai a wurin, amma hannun ya je. Sallau ya daka tsawa aka yi shiru, kowane ɓangare ya ja gefe yana harara.

Mai unguwa Sidi ya koma zaure. Ya gane cewa duk sunan da ya faɗa, kashi biyu cikin uku na yaran za su ce an zalunci nasu, kuma ya san inda yaran unguwar nan suke zuwa in ransu ya ɓaci. In kuma ya ce a mai da kujerar, ya hana tsofaffi uku abin da ko ɗayansu ba zai sake samu ba. Bai gama cire hula ba direban Alhaji Garzali ya yi sallama, ya ce Alhaji ya ɗaura kaya, suna kawai yake jira.

Ni dai a nan nawa ya tsaya, bakina ya bushe. Ku da kuka iya gardama, ga mai unguwa a zaune, ga direba a tsaye a ƙofa. Tsakanin wanda ya ba da ƙasarsa, da wanda ya ba da hannunsa, da wadda ta ba da ɗanta, sunan wa zai faɗa?